Mai Fasfo a Ɗakin Tayoyi

Kwano biyu Baba Makanike ya ɗauko da safen nan, ɗaya a kowane hannu, yana tafe yana ƙunƙuni a tsakanin matattun motocin garejinsa. Birki, tsohon karensa, ya ɗago kai daga ƙarƙashin wata mota marar taya, ya ga an wuce shi da abinci, ya yi tari, ya mayar da haɓa ƙasa.

"Yi haƙuri, mutumina," in ji Baba. "Dokar Likita ce. Sai Mai Fasfo ya ci."

Shi Mai Fasfo baƙo ne. Autar Baba ce ta kawo shi, da yake tana aiki da masu ceton karnuka. Ambaliya ce ta ci garuruwa a wata ƙasa, aka kwaso karnukan da suka rasa masu su, aka tsallako da su iyaka ana nema musu gidaje. Wannan ya iso da takardu har sun fi na Baba yawa, shi ya sa ya raɗa masa sunan. Auta ta roƙa a ajiye shi a ɗakin tsofaffin tayoyi kafin a samu mai riƙo.

Da fari Baba ya ce atafau. Amma Auta ce, ba a taɓa jin ya ƙi ta sau biyu a jere ba.

Ranar da aka kawo shi, likitan dabbobi ya biyo su. Ya zaunar da Baba a kan benci, ya yi masa bayani dalla-dalla: kare in ya tsallaka iyaka ba shi kaɗai yake tsallakowa ba, akwai kaska, akwai tsutsa, akwai tarin da karnukan nan ba su san irinsa ba. Yana magana, idonsa na kan Birki. Sai ya kafa doka. Kada karnukan su haɗu ko da ta ƙasan ƙofa. Kowa da kwanonsa. A fara ciyar da baƙo, sannan ɗan gida, sannan a wanke hannu da sabulu. Birki kuma dole a fara yi masa allura yau.

Nan ne gardama ta so tashi. Tun yana ɗan kwikwiyo Birki bai taɓa ganin allura ba. In Auta ta yi maganar tarinsa, Baba ya ce hayaƙin inji ne. In ta ce ya rame, ya ce kare mai ƙiba ai ɓarawo ke so. Amma ciwon ƙasar waje wani abu ne dabam. Baba ya dubi ɗakin tayoyi, ya dubi karen da ya tsufa tare da shi a garejin nan, ya naɗe hannun riga, ya riƙe Birki da kansa.

"Ka ga abin da baƙon Auta ya jawo mana," ya raɗa masa a kunne.

Kwanaki suka yi ta tafiya, Birki sai ƙara kwanciya yake. Ya daina cin abinci, ya daina yi wa masu kawo gyara haushi. Baba ya ɗaura wa motar wani mutum birki a baibai, abin da bai taɓa yi ba tun yana koyon aiki. Kullum in ya leƙa tagar ɗakin tayoyi, sai ya ga Mai Fasfo gashi na sheƙi, yana kaɗa wutsiya kamar shi ke da garejin.

"Munafukin ciwo ke nan," Baba ya ce wa Auta. "Mai shi na rawa, maƙwabci na jinya. Yau zan buɗe masa ƙofa ya kama gabansa."

"To, Baba, buɗe," in ji Auta, tana murza magani cikin abincin Birki. "Amma in ya tafi, Likita ma ya daina zuwa ke nan."

Baba bai buɗe ba. Sai ma ya ƙara wa ƙofar kwaɗo, ya toshe ƙasanta da tsohon tif na taya. Lokacin magani kuwa bai taɓa wuce shi ba, shi da ke manta nasa na hawan jini.

A hankali tarin ya lafa. Wata hantsi Birki ya lashe kwanonsa tas, ya miƙe, ya bi wani mai babur da haushi har bakin titi. Baba ya ba mutumin haƙuri, amma bakinsa ya ƙi rufuwa don murna.

Ranar da aka samo wa Mai Fasfo gida, Likita ya zo ya duba Birki daga hanci har wutsiya, ya ce ya warke sarai. Baba ya buga ƙirji, ya ce da ba don tsayuwarsa ba, da ciwon waje ya gama da karen nan. Aka fito da baƙon za a saka shi a mota, sai tausayi ya ɗan kama tsohon.

"Likita, shi fa wannan bawan Allah? Kada a kai wa mutane cuta. Ban ga ka yi masa ko allura ɗaya ba."

Likita ya dubi Auta. Auta ta shiga duban rufin kwano kamar yau ta fara ganinsa.

"Baba," in ji Likita, yana danne dariya, "wannan tun a bakin iyaka aka killace shi aka tabbatar lafiyarsa ƙalau. Mun kulle shi ne don kada ya ɗauki ciwon Birki, kai kuma muka bar ka da tsoro don ka yarda a yi wa naka magani."