Matsakaicin Gwaza

"Taki ba ya ƙara wa gwaza komai," in ji masanin da aka turo daga Apia, babban birni, yana rufe kwamfutarsa. "Da filayen da aka zuba wa, da waɗanda ba a zuba wa ba, matsakaicin amfaninsu ɗaya ne. Gobe zan rubuta a daina kawo wa ƙauyen nan."

Matar da ta shekara uku tana kula da gonar gwajin ta dubi farin takalminsa, ta taɓe baki. Digirinsa har uku, amma ta tagar mota ya ga gonar.

"Dakta, taso ka gaisa da lissafinka."

Ta gyara ɗaurin zani ta yi gaba, yana binta yana ɗage ƙafa kamar kaza a taɓo. Fili huɗu ne a bayan itatuwan kwakwa: jan gwaza da fari, kowanne da mai taki da marar taki. Marasa takin duk iya ƙugu suka tsaya. Jan da ya sha taki ya kere masanin tsawo. Farin kuwa takin ya ƙone shi ƙurmus.

"To, ai idan aka haɗa aka raba biyu..."

"Ka haɗa ƙato da gawa, ka ce duka lafiyarsu lau." Ta danƙa masa sandar tono. "Haƙo min matsakaicin naka in dafa maka."

Ya tsaya riƙe da sanda a tsakanin filayen biyu masu taki, inda babu komai sai hanya.