Koren Ƙunshin Yaya Tseng

"Ni ba zan kashe ta ba," in ji Yaya Tseng. "Mai so ya kashe da hannunsa."

Manaja Kuo ya taɓe baki. Masu manhajar tsohuwar na'urar kamfanin sun daina kula da ita, ƙarin wa'adin shekara uku ma yau ya cika. Kowa a kamfanin jigilar nan na Keelung a Taiwan ya san shirin: a kashe tsohuwar saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da jadawalin jirage, a sallami Yaya Tseng da ta shekara ashirin tana renonta, a lallaɓa da takarda kafin 'yan kwangila su kafa sabuwa.

Kuo ya ɗauki koren ƙunshin ƙwalam da ake ɗora wa na'ura, bisa al'adar ƙasar, don kada ta yi gardama. Ya duba kwanan watan jikinsa, ya fashe da dariya.

"Yaya, da ke da na'urar da ƙwalam ɗin duk kun tashi aiki. Wannan ai tun bara waccan ya lalace!"

Ya danna maɓalli. Fankar tsohuwar sabar ta yi tsit.

Kowa ya juya ga allonsa. Jiragen ruwa na ta shiga jadawali, ko gezau.

"Ka taɓa ganin an bar wa na'ura mai rai lalataccen ƙunshi?" in ji Yaya Tseng, tana rataya jakarta. "Shekara biyu ke nan da na kwashe komai zuwa sabuwar saba, kuna can kuna taro."

"Tana... tana ina?"

"Nemi inda sabon ƙunshin yake, Manaja. Ni ai ka sallame ni."