Takarda ta Huɗu

Karo na huɗu ke nan a shekara guda da jami'in da ake wa laƙabi da Jan Biro ya tsaya a ƙofar gida mai lamba goma sha tara, takardar gargaɗi a hannu, kwalbar gam a aljihu. Gwiwarsa ta hagu tana masa zogi. Saura wata bakwai ya yi ritaya daga ofishin duba gine-gine, kuma da za a tambaye shi abin da ya ƙara masa furfura, gidan nan zai nuna.

Dokar ba ta da wuyar ganewa. Duk gidan da ba kowa a ciki, wajibi ne mai shi ya kula da rufinsa, da tagoginsa, da ƙofarsa, da magudanar ruwansa. In maƙwabci ya kai ƙara, sai jami'i ya zo ya duba, ya manna takarda, ya ba da wa'adin kwana talatin. Dole mai gida ya zo da ƙafarsa, ba saƙo ba, ya gyara, ya sa hannu a gaban jami'i. Sunan mai ƙara kuwa ba a faɗa.

A wannan layi mai ƙara ɗaya ce: tsohuwar da ke ɗinki a ɗakin haya da ke kallon gidan, wadda kowa ke kira Iya Tela. Shekara biyu da tarewarta, amma ta fi 'yan asalin layin sanin halin da gidan ke ciki. Kafin kowa ya lura da ɓarna, ta riga ta isa ofis, ta zauna a bencin jira da jakarta a cinya.

Da farko gilashin taga biyu ne. Sai bututun ruwan sama da aka fizge daga bango. Sai kwadon ƙofa da aka farfasa, ba a kuma ɗauki ko tsinke ba. Yau ma tagogin ne, na ƙasa kaɗai. Na sama ko tsagewa ba su yi ba. Jan Biro ya rubuta da jan bironsa, kamar kullum: “Aikin yaran unguwa.” Ya shafa gam, ya manna.

Mai gidan malamin makaranta ne a wani gari mai nisan yini guda a mota. Gidan gado ne, mahaifinsa ya rasu ya bar masa. Duk zuwa ɗaya sai ya nemi izini a wurin aiki, ya kwana uku a ɗakin da ba wuta, yana ta fama da magina da kafintoci.

“Ni ko tasowa ban yi a gidan nan ba,” ya taɓa ce wa Jan Biro yana kaɗe ƙura daga wandonsa. “A hannun gwaggona na girma. Amma ga shi ya zame mini ƙarfen ƙafa.”

A irin waɗannan kwanaki Iya Tela kan jawo keken ɗinkinta bakin ƙofa, wai ɗaki ya yi duhu. Takan kai wa ma'aikata ruwan sanyi, ta kai wa malamin abinci a kwano mai murfi. Shi kuwa sai ya ce, “Allah ya saka, Iya,” idonsa na kan waya. Jan Biro har dariya yake a ransa: da malam ya san mai jawo masa wahala ce ke ciyar da shi, da abincin bai wuce maƙogwaro ba.

Ya zauna a dakalin gidan, ya miƙe ƙafar da ke ciwo, ya kira lambar da tuni ya haddace.

Ya shaida wa mai gidan an sake fasa tagogi. Sai malamin ya yi ajiyar zuciya.

“Malam, na gaji. Shugaban makaranta ya ce in na sake ɗaukar hutu in nemi wani aikin. Akwai ɗan kasuwar da ya daɗe yana bibiyata, zai rushe ya yi shaguna. Na amince. Lauya zai kawo muku takardu, ni da garin nan kuma sai dai labari.”

Jan Biro ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Ya ɓalle takardar tun gam bai bushe ba, ya ninke, ya tsallaka titi yana ɗingishi. Albishir irin wannan bai kamata ya kwana ba.

“Iya, albishirinki! Daga yau kin huta da zaryar ofis, ni ma na huta da ke.”

Ta ɗaga kai daga ɗinki. Yatsanta ɗaya a naɗe yake da tsumma.

“Yaushe zai zo?”

“Ai ba zai zo ba. Ya sayar.”

Keken ya tsaya. Ta zuba wa gidan ido, bakinta na motsi ba sauti.

“Ko sa hannu ba zai zo ba?”

“Sabon mai gida ne zai sa. Haba Iya, na zaci guɗa za ki yi!”

Ta sunkuya da ƙyar, ta laluba cikin buhun ƙyallaye da ke ƙarƙashin tebur, ta zaro wata ƙaramar guduma, ta ajiye a gabansa.

“To ɗauki wannan, ba ta da sauran amfani. In ɗauri ne ma, ku ɗaure ni.”

Jan Biro ya dubi gudumar, ya dubi tsohuwar.

“Iya... don me?”

Ta share ido da bakin mayafinta.

“Yana da wata goma sha takwas ubansa ya sake ni, ya karɓe shi, aka ce masa na mutu. In ba takardarka ba, Malam, me zai kawo mini ɗana in gan shi?”