Inda Yaya Ke Sara

Takobin jarumin ya sauka a haƙarƙarin dodon, takobin ya karye gida uku.

"Ƙarya ne," in ji Yaya, ya daki tebur har ɗan lido ya faɗi ƙasa.

Auta ko ɗagowa ba ta yi ba. Wata uku ta kwashe tana zana wa wasansu na tebur wannan dodo mai tsawon bene bakwai. Yaya kuwa ya rantse a gaban abokansa, in jaruminsa ya kashe dodon, zai ƙona littafin zanenta ta daina shirme. Dokar wasan ita ce, ɗan wasa ke zaɓar inda zai sara, ita kuma ta riga ta rubuta inda sulke yake, ta rufe a ambulan.

Ya sake jefa ɗan lido. "Muƙamuƙi."

Dodon ya cafke hannun jarumin, ya taune shi har kafaɗa.

"Wuyan hannun hagu."

Ƙaho ya ɓullo daga nan ya farke cikin jarumin, hanji ya zubo. Abokan suka yage ambulan. Wuri uku kacal ke da sulke a duk jikin dodon. Sauran jikin, sara ɗaya ya isa.

"Ke mayya ce? Ya aka yi kika san inda zan sara?"

Auta ta naɗe hannun rigarta, ta ɗora karkataccen wuyan hannunta na hagu a kan tebur.

"Shekara goma sha ɗaya kana dukana, Yaya. Ba ka taɓa canja wuri ba."