Tabon Rana

Tela na neman almakashi a ƙarƙashin tarin yadi sai hannunta ya taɓa filtar. Gabanta ya yanke ya faɗi.

Wani faifai ne mai sheƙi, kamar murfin tukunya, mai tace hasken rana. Wurinsa bakin madubin hangen nesa na mijinta, can saman bene. Jiya da yamma, da ruwan sama ya fara ɗiga ta rufin ɗakin, ita ta cire shi ta sauko da shi don kada ya jiƙe. Ta yi niyyar gaya masa, baƙi suka shigo, maganar ta shige mata.

Mijin, wanda unguwa ke kira Mai Agogo, ya bar sana'ar gyaran agogo ya koma kallon rana. Ya gina ɗan ɗaki a saman bene, rufin kwano mai janyewa da igiya, ya girke madubin a tsakiya. Kullum da hantsi yana can yana leƙen baƙaƙen tabon da ke fuskar rana. Takan tsokane shi cewa mutane na neman inuwa, shi yana neman rana da kuɗinsa.

Sau ɗaya ya nuna mata abin da filtar ke tsarewa. Ya cire ta, ya kara takarda a wurin sa ido. Kafin ta rufe baki takardar ta huje, hayaƙi na tashi.

"Haka za ta yi wa ido," in ji shi. "Shi ya sa ba na cire ta, ko da wasa."

To wanda bai taɓa cire abu ba, me zai sa ya duba ko yana nan?

Daga sama ta ji ƙarar kwano. An janye rufin.

Ta buɗe baki ta kira shi, injin niƙan maƙwabta ya haɗiye muryar. Ta fizgi tawul daga igiyar shanya, ta zubar da takalma, ta yi hanyar bene. A guje ta wuce motarsa da ƙura ta rufe tun da ya ce tuƙi ya ishe shi. Ta wuce tabaraunsa a kan taga, wanda kullum yake cewa ya ɓata, sai dai ta karanta masa saƙon waya. A matakala ta yi tuntuɓe da bokitin da shi ma ya ture shekaranjiya, ya kuma ɗora wa mage laifi.

Tsoro ya cika ta. Idon mutumin nan shi ne dukiyarsa. Da shi ya ciyar da gidan, yana tsintar ƙusar agogo da ba ta kai ƙwayar gero ba. Yau ga shi ita da hannunta za ta ƙone shi.

Ƙofar ɗakin a buɗe take. Rana ta cika wurin fal. Yana zaune a kan kujerarsa, ya sunkuya, idonsa na dama manne da madubin, bakin madubin kuwa tsirara yana kallon sama.

Tana haki ta faɗa ciki. Ta yi tsalle ɗaya ta jefa tawul ɗin a bakin madubin, ta ninka shi, ta danne da hannu biyu. Sannan ta dube shi tana jiran ihu.

Babu ihu. Babu hayaƙi, babu ko ɗigon haske a fuskarsa. Ashe madubin ma bai saitu da ranar ba, ya kauce can gefe. Ta yi hamdala a zuci, hawaye na zubo mata.

"Tela, ke ce?" ya tambaya, bai ɗago ba. "Wannan haki haka, kamar an biyo ki?"

"Ni ce, Malam."

Ta tsaya tana jiran faɗa, ya ce wa ya rufe masa madubi, wa ya kawo masa duhu. Tawul ɗin mai kauri ne, ninki biyu, ga tafukanta a kai.

Mai Agogo ya ƙara manna ido, ya murɗa ɗan ƙarfen saiti a hankali, yana murmushi.

"Kin zo a daidai," ya ce. "Yau ta fito tas, ga babban tabon can a tsakiya, ina kallonsa yanzu haka."