Furfurar Baban Auta

"Wash! A hankali mana, Auta!" Baban Auta ya runtse ido, amma bai janye kansa ba.

Malamar su Auta ce ta ce yatsun yarinyar ba su yi ƙwari ba, fensir sai zame mata yake. A riƙa ba ta ƙananan abubuwa tana tsinta da yatsu biyu. Shi kuwa gogan ya ga banza ta faɗi. Kullum ya dawo aiki sai ya baje, ya miƙa mata ƙeya ta cire masa furfura.

Dabarar ta ci kuwa. Auta ta fara rubutu tsaf, malama har da tafi. Baba sai cika baki yake: 'yarsa ta iya rubutu, shi ya koma saurayi.

Ranar aski ya tafi da ita. Mai aski ya ɗaga masa madubi ta baya yana danne dariya. Ƙeya fara fat, kamar auduga!

"Auta! Me na ce ki cire?"

"Fararen ba sa ƙarewa, Baba, shi ne na cire baƙaƙen. Saura gemu."