Ina Mai Hoton?

Likita, ɗaga hannunka daga kwamfutar nan tukuna, kada ka sa hannu a rahoton. Bari in ba ka wani misali daga zamanin da muke koyon wannan aiki na karanta hoton jikin mutum, a wani asibitin koyarwa. A lokacin babu allon kwamfuta. Fim ake wankewa a ɗakin duhu, a rataye shi yana ɗiga kamar wankin safe, warin ruwan wankin ya bi mutum har gida. In ya bushe a maƙala shi a jikin akwatin fitila, mu taru a gabansa kafaɗa da kafaɗa, shayi yana hucewa a kan taga. Wallahi ina kewar ɗakin nan, har ƙugin fitilar nake kewa. Malaminmu wani dattijo ne gajere, mai takalmin da ke ƙara a kan siminti, kuma yana da wata ɗabi'a da ta ishe mu. Duk hoton da za a rubuta wa mummunan labari, sai ya tambaya, “Ina mai hoton?” In an ce yana waje, sai a tashi a je a gan shi. Mu kuwa da muka zaɓi wannan fanni don mu huta da zagayen ɗakunan marasa lafiya, a bayan idonsa muke kiransa Sarkin Yawo.

A cikinmu akwai wani matashi mai kaifin ido, wanda tsagewar ƙashi ko ta kai siririn gashi ba ta wuce shi, kuma ya san da haka. Wata safiya aka kawo masa hoton ƙirjin wata mata. Ta sami aikin girki a makarantar kwana ta 'yan mata, an ce ba za ta taɓa tukunya ba sai an tabbatar ƙirjinta lafiya lau. Mijinta ya rasu, ga yara, aikin nan shi ne abin da ta daɗe tana roƙon Allah. Matashin ya ɗaga fim ɗin, sai ga wasu zane-zane farare a saman huhun, dama da hagu, daidai inda tarin fuka yake son zama. Bai yi wata-wata ba ya rubuta tarin fuka, ya miƙa wa malam don ya sa hannu, yana jiran yabo. Da takardar ta fita a haka, shi ke nan, babu makarantar da za ta ba mai tarin fuka ludayin miyar ɗalibai, kuma ka san mutanenmu, har kwanonta sai an ware a gida. Dattijon ya daɗe yana duban hoton. Ya ce, “Nawa idon ma abin da ya gaya mini ke nan. Amma ina mai hoton?” Matashin ya ce, “Ranka ya daɗe, abin ai a fili yake.” Takalmin malam kawai muka ji ya nufi ƙofa, dole muka bi.

Muka same ta a kan benci, lulluɓe da mayafi, mace cikakkiya, kumatu sumul, ba ta yi kama da wadda ciwo ke ci ba. Malam ya gaishe ta kamar ya je gidanta, ya tambayi yara, sannan ya shiga tambaya. Tana tari? Ta ce a'a. Gumin dare fa, ko rama? Ta yi dariya ta ce, “Likita, ni da zanena ke neman ya ƙi ɗauruwa?” Ya ce to, me ta sa a jikinta ko ta yi wa jikinta kafin ta zo? Kunya ta kama ta, ta ce babu komai, sai kitso da ta yi jiya saboda sabon aiki, don kada ta je wa mutane kamar mahaukaciya. Malam ya roƙi wata ma'aikaciyar jinya ta shiga da ita ta duba. Ashe kitso ne dogaye masu kauri, sun sha man shanu, sun zubo har gadon baya, kuma a haka aka ɗauki hoton, inuwarsu ce ta fito a fim kamar ciwo a huhu. Aka tattare su aka ɗaure a tsakar ka, aka sake ɗauka. Muka tsaya a bakin ɗakin duhu kamar masu jiran haihuwa. Fim ya fito yana ɗiga, huhu fes, babu ko ɗigo. Matashin nan ya yaga rahotonsa da hannunsa, kunnuwansa kamar su faɗi don kunya. Malam bai yi masa faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne, “Idonka yana da kyau, ɗana. Ka haɗa masa da ƙafa da baki.” Matar ta kama aikinta, kuma shekaru da yawa, duk sallah sai ƙwaryar dambu ta iso ɗakinmu daga makarantar nan.

Malam ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, akwatin fitilar ma yana can a sito ƙura ta rufe shi. Yanzu hoto yana iso maka a allo tun mai shi bai gama ɗaura zane ba, tar da shi, ya fi namu kyau nesa ba kusa ba, amma ba ya zuwa da fuskar kowa. Har yau in zan rubuta wa wani mummunan labari, ƙarar takalmin nan nake ji a kunnena. Mai wannan hoton da ke gabanka, an ce mini yana zaune a waje tun safe. Tashi mu je mu gaishe shi, don Hausawa sun ce, matambayi ba ya ɓata.